Jan Farce a Kan Sukuru

Manawashi, Gombe

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Inna da Najeeba da duk mutanen Bajoga. Yaya ƙafar? Tunda kunnenka ya ƙi jituwa da waya, ga ni na koma biro da takarda.

Aiki a filin jirgi sai godiya. Kamfaninmu ya damƙa mini janaretan da ake ja zuwa gindin jirgi a ba shi wuta kafin ya tada injinsa. Jirgi ba firjin Inna ba ne, Baba. Wuta mai ƙarfin bolt ɗari da sha biyar yake so. In wutar ta yi sama ya ƙi karɓa, in an yi rashin sa'a ta ƙona masa na'urori. A cikin janaretan akwai ɗan akwati da ake kira ragileta, yana da sukuru guda da ake murɗawa a daidaita wutar. Da tsohuwar mitarka nake aunawa, don ta jikin janaretan allurarta rawa take yi, ban yarda da ita ba.

To amma wani yana taɓa mini sukurun nan. Duk ranar da na saita, washegari sai in tarar wutar ta yi ƙasa. Zuciyata ta tsaya a kan Titus, wanda ya koyi wayarin a shagonka na Kumbiya-Kumbiya. Ya daɗe a nan, sai ga shi an ɗora ni a kansa. Kullum 'yar Malam, 'yar Malam yake kirana, tunda kai ne Malam ɗinsa, da fara'a har kunne, amma fara'ar nan ta yi mini yawa. Tun makon farko ya ce mitarka ta tsufa, a kai ta gwaji. Na ba shi amsa daidai da shi, bai sake ba.

Na ari jan farce wurin maƙwabciyata Debby, ni da ba na shafawa saboda alwala, na ɗiga a kan sukurun. Duk wanda ya murɗa, ɗigon zai tsage.

A gaida kowa. Taka,
Iklima

*

Babana,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji Najeeba ta yi zazzaɓi, Allah ya ƙara sauƙi.

Na kama shi! Na tarar da ɗigon lafiya lau bai tsage ba, har na fara jin kunya, sai na ƙura ido. Jan Debby mai haske ne, wannan kuwa ya yi duhu kamar zoɓo. Wato an murɗa, an kankare nawa, an ɗiga wani. Ka ga mutum ya zauna ya yi wannan dabara, ai ba alheri ya nufa ba.

Ranar Laraba kuma abin da nake tsoro ya faru. Titus yana hutu, ni na saita da hannuna da safe. Muna haɗa wa jirgin Abuja wuta sai ya ƙi karɓa. Matuƙin ya leƙo ta taga yana ɗaga hannu a cire, fasinjoji suna ta gumi a ciki, kowa ni yake kallo. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Tabbas akwai abin da ya kwance a ciki kafin ya tafi hutun, don a ce mace ba ta iya ba.

Na kai ƙararsa wurin manajanmu, Malam Zulkifilu. Da aka tambaye shi ko shi ke taɓa sukurun, ya ce shi ne. Aka ce me ya sa, ya kalle ni ya sunkuyar da kai. An dakatar da shi, ana maganar kora. Na san ɗalibinka ne, amma ban yi nadama ba.

Taka,
Iklima

*

Baba,

Ina gaishe ka. Ka zauna kafin ka karanta wannan.

Kamfani ya turo injiniya daga Kano ya binciki janaretan. Bai sami komai a kwance ba. Sai ya ajiye sabuwar mitarsa kusa da taka a kan waya ɗaya. Baba, taka ƙasa take nunawa. Duk sanda ta ce mini ɗari da sha biyar, wutar ta wuce haka da nisa. Ni ke ɗagawa, Titus yana bi yana saukewa. Ranar Larabar nan ba abin da ya kwance, rashinsa ne kawai.

Na hau keke har Tumfure, gidan Titus. Matarsa Dokas ce ta buɗe mini ƙofa, faratanta da jan farce mai duhu kamar zoɓo. Na kasa haɗa ido da ita. Titus ya ce ya faɗa mini sau ɗaya na ƙi ji, shi kuma ba zai iya tsayawa gaban manaja ya ce mitar Malam ƙarya take yi, 'yar Malam kuma ta kusa ƙona jirgi ba. Na ba shi haƙuri ina kuka, ya ce ba komai.

Na faɗa wa Malam Zulkifilu gaskiya, na sha faɗa, an maida Titus bakin aiki. Mitarka na naɗe ta a cikin akwatina, kada ka ji haushi.

Yanzu tare muke saita wutar da sabuwar mita, allurarta tana tsaye cak. Sai dai tun da ya dawo, Injiniya yake kirana. Yana gaishe ni da ladabi, yana yin duk abin da na ce, amma bai ƙara cewa 'yar Malam ba. Don Allah, Baba, in ƙafar ta yi sauƙi ka zo Gombe mu je Tumfure tare. Wannan kam na kasa saita shi ni kaɗai.

'Yarka mai kewarka,
Iklima