Kwaɗon Baba Ladan

Kalgo, daren Talata, 9 ga Maris, 1999

Yau kwamfutar ofis ta shiga intanet, a gwaji na huɗu, ƙarfe sha biyu saura minti bakwai. Kwana uku na yi ina saita fayawol, wato katangar da ke hana na waje leƙa takardunmu. Jibi zan nuna wa Sakataren ofishinmu, kuma a kan wannan zai yanke ko za su riƙe ni aiki.

Abin da ban lissafa ba shi ne Baba Ladan, masinjanmu. Shi ke riƙe da mabuɗin ɗan kwaɗon da ke kan tarho, kuma an gaya masa duk kiran da ya fita ba izini, a bakin aikinsa. Da ya ji modem, na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin tarho, tana tsuwa sai ya taɓa aljihunsa.

"Malam Nasiru, wa take kira?"

"Legas, Baba."

"Ga mabuɗi nan wurina! Ta ina ta bi?"

Na ce ba ta bi ta kwaɗo ba, na kuma yi masa bayanin katangar dalla-dalla. Ya saurara har ƙarshe.

"To ka tare ɓarawon waje. Na cikin gida fa?"

Gaskiyarsa ce. Ya zare igiyar modem, ya naɗe, ya sa a aljihu ɗaya da mabuɗin.

Gobe yana garin Diggi wurin suna. Na tambaye shi sau biyu ko zai dawo jibi da safe. Ya ce in Allah ya so. Bai faɗi ƙarfe nawa ba.