Baurin da Ladan Bai Ɗanɗana Ba

Hyattsville, Maryland
Oktoba, 2012

Yaya Olive,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da Baban Dung da yara. Yaya ƙafar Mama, da sanyin Jos? Ki gaya mata ina cin abinci. Matan nan ba sa barin mutum ya yi makoki da yunwa.

"Ƙanwata, ba tuhuma ba ce, tambaya ce kawai." Haka Yaya Muntaka, wan Ladan, ya fara jiya, yana zaune a kujerar marigayin. Matarsa Hajiya Sa'adiya tana gefe tana ninke mayafin da ya riga ya ninku. So yake ya san tun yaushe mijina yake shan giya.

Kin san yadda muka zauna: shi da masallacinsa, ni da cocina. Abin da ban taɓa ba ki labari ba, don ban ɗauke shi labari ba, shi ne nakan sayi kwalbar jar giyar inabi ta Italiya, Kiyanti, jefi-jefi in na gama duba jarrabawar ɗalibai. Ladan bai taɓa kai hannu gare ta ba, ko kofin ba ya wankewa. Amma kin san injiniya da tambaya. Sai ya haɗa shayinsa ya zauna gabana ya ce, "Malama, karanta mini." Ni kuwa in kurɓa in karanta. Turawa suna ce mata busasshiya, wai don ba ta da zaƙi ko kaɗan. Nakan ce masa tana shigowa da tsami irin na tsada, launinta na ɗinya, ƙamshinta kamar sabuwar jakar fata da aka ajiye kusa da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Daga nan sai bauri ya kama harshe da dasashi kamar an tauna goro, mutum ya yi ta jiran zaƙi ya biyo baya, shiru. Sai ya ce wannan ai halina nake faɗa, ba na kwalba ba.

A makonsa na ƙarshe a asibiti magani ya kashe masa baki. Hajiya Sa'adiya ta kawo zoɓo, ya kurɓa, ya ce ya yi zaƙi da yawa, a ba shi Kiyanti. Sannan ya karanto musu karatuna kaf, tun daga tsada har jakar fata, yana lumshe ido. Ni yake tsokana, Olive. Na yi ta dariya, ban lura ba cewa Yaya Muntaka da abokansa na masallaci ba sa yi.

Na faɗa musu wannan duka jiya. Na nuna musu kwalbar da ta rage, na ce tawa ce, kalmomin ma nawa ne. Yaya Muntaka ya sunkuyar da kai ya ce shi ma ya yi karatu, ya san ba wanda zai siffanta abu haka bai kai shi baki ba. Hajiya Sa'adiya kuwa ta rungume ni tana kuka, wai Allah ya ƙara mana mata masu rufa wa mazansu asiri har bayan rai. Tun da na zo gidan nan ban taɓa samun yabo irin na jiya ba.

Ki gaida kowa. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Chundung


Hyattsville
Nuwamba, 2012

Yaya Olive,

Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Na gode da hoton su Dung, ya yi tsawo. Ki ce wa Mama ta daina hawa acaɓa da wannan ƙafar.

Tunda har ke kin ji maganar a kasuwar Taminus, ba sai na gaya miki ta isa gida ba. Hajiya, mahaifiyar Ladan, ta kira ni daga unguwar Gangare. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta dai ce ta yafe masa, kuma kullum tana roƙon Allah ya yafe masa, sannan ta gode mini da haƙurin da na yi. Na ce, "Hajiya, ɗanki bai taɓa sha ba." Ta ce, "Na sani, 'yata, Sa'adiya ta ce haka za ki ce." Tsohuwa ce mai ciwon suga, wannan kuma shi ne autanta. Da wannan za ta dinga tuna shi.

Ranar Asabar aka yi addu'ar arba'in a nan gidana. Maza a falo, mata a ɗakin kwana da kicin, waina da miyar taushe tun daga garin Lanham. Yaya Muntaka ya yi addu'a mai kyau, ya roƙa wa Ladan gafarar abin da aka sani da abin da ya ɓoye. Amin ɗin da aka amsa wa na biyun ya fi ƙarfi. Wata ma ta matse mini hannu.

Na jira aka watse, saura Yaya Muntaka da matarsa suna tattara kwanuka da la'asar. Na ɗauko kwalbar, na buɗe a gabansu yadda wanda ya saba yake buɗewa, na zuba, na juya kofin, na shinshina, na sha. Ban so in ɓata musu ba, shaida nake bayarwa, kuma ba ni da wata. Wannan ta fi na baya kyau, abin haushi. Tsaminta ya kwanta, ƙamshin ya koma kamar na busasshen ganye, baurin kuma ya daɗe a baki har na kasa magana da wuri. Da na samu harshena na ce, "Yaya, ka gani? Ni ce mashayiyar gidan nan. Shi shayi yake sha."

Yaya Muntaka ya juya wa kicin baya yana salati. Hajiya Sa'adiya ta daɗe tana kallona, idonta cike da hawaye, da tausayi na gaskiya, wanda ya fi zagi wuyar ɗauka. Ta ce, "Allah sarki, Chundung. Har ke ma ya koya miki."

Na ajiye kofin, na ɗauki rigar sanyina da makullin mota. Ta biyo ni tana cewa in tsaya in ci waina ko ɗaya, cikina ba komai. Na ce su ja ƙofar in sun gama, tana kulle kanta. Sai na ja ƙofar da kaina, na sauka.

Ki gaida Mama da yara. In kin bi ta Gangare, ki shiga ki duba Hajiya. Kada ki yi mata bayanin komai.

Taki kullum,
Chundung