Lamba Ɗaya a Fankar Nonno

Mazzarino, Sisiliya,
tsakiyar watan Agusta.

Zuwa ga Yayata Nunziata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da ladabi irin wanda ƙani yake yi wa yayarsa musamman idan yana da buƙata, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Ignazio da 'yan biyunki, a can Jamus inda aka ce rana ma sai ta nemi izini kafin ta fito. Allah ya tsare ku, ya yi wa yara albarka. Mu nan da sauƙi. Mama tana fama da gwiwarta da kuma ni, ta ce gwiwar ta fi ni jin magani. Ni kuwa ina nan a kan kujerata ta babban mai zaman jiran aiki na wannan gari, muƙamin da babu mai ja da ni a kansa.

Dalilin wannan takarda shi ne kakanmu, Nonno Liborio. Kin san zuciyarsa ta raunana tun bara. Bana zafi ya sauko mana kamar an buɗe ƙofar gidan burodi an manta, har karnuka sun daina haushi don tsimin ƙarfi. Likita ya zo ya duba shi, ya yanke hukunci cewa ko dai a sanyaya ɗakin, ko a kai shi Catania gidan Gwaggo Venera mai na'urar sanyaya ɗaki. Nonno ya ce a gaya wa wannan yaro mai jaka cewa a ɗakin nan aka haife shi, kuma fita ɗaya ta rage masa daga cikinsa, a kafaɗar maza. Da likita ya tafi ya riƙe hannuna, ya ce kada in bari a kai shi inda ba ya jin ƙararrawar cocinmu.

Duk begenmu sai ya koma kan tsohuwar fankar sama, mai fukafukan katako, wadda Nonno ya rataya da hannunsa tun Mama tana rarrafe. Fankar lafiyarta ƙalau, makunninta na bango ne ya yi tawaye. Ko ina aka murɗa shi, lamba uku kawai ya sani, wadda take kwashe hotunan waliyyai daga kan tebur. A nan muka ci karo da dokar kakarmu Nonna Crocetta, wadda ta fi ta gwamnati ƙarfi: iska idan ta bugi jiki mai gumi, kisa take yi. Ta ce iska ce ta karkatar wa ƙanenta baki, ita ta kwantar da maƙwabciyarta har kabari. Ta ce muddin tana numfashi babu mai sakar wa mijinta guguwa a ka. Da na matsa, ta kira ni jakin da ya yi makaranta, sannan ta yi rangwame: lamba ɗaya ta yarda da ita, domin wannan ba iska ba ce, numfashi ne.

Saboda haka na naɗa kaina injiniyan fada. Na cire fiyus ɗin gida, na kwance akwatin makunnin da sukundireba, na tarar da ƙurar da ta girme ni da gawar wani gizo-gizo da ya rasu a bakin aiki. A ciki akwai wani ɗan harshen tagulla da yake zagayawa yana taɓa ƙusoshi, kowace ƙusa da gudunta. Ta ɗaya da ta biyu sun ƙone sun yi baƙi, wayarsu ta narke ta manne da ta uku. Na goge su da samfefa, amma ƙusar farko ta marmashe a hannuna. Mai shagon kayan lantarki ya juya ta a tafinsa, ya ce in gwada gidan adana kayan tarihi. Wanda ya cece ni shi ne Don Saro mai aski, domin yana da irin makunnin a tsohon shagonsa da ya rufe. Ya ba ni, ya ce in gaya wa Liborio har yanzu shi ne ya fi kowa munin ƙeya a lardin nan. Na ciro ƙusarsa na dasa a namu, na raba wayoyin, na liƙe da dalma, na ƙone yatsa a fagen daga.

Da na mayar da wuta na murɗa, sai fukafukan suka fara juyawa a hankali, cikin natsuwa, kamar tsohon fada, limamin Katolika, yana zagaya coci. Nonno ya lumshe ido, ya ce ashe kuɗin makarantata ba duka ne suka faɗa rijiya ba. Na fita da ƙafar alfahari, na shaida wa duk wanda na gamu da shi a dandali cewa an ci nasara.

Abin da ban lissafa ba shi ne ƙaunar Nonna. Tunda ta yarda iska ta shiga ɗakin, sai ta ɗaura wa mijinta ɗamarar yaƙi. Ta sa masa singiletin ulu na lokacin sanyi, ta naɗa masa mayafi a wuya, ta rufe tagogi da ƙofa don kada iskar waje ta haɗu da ta fanka su yi masa taron dangi. Idan ta ji tafiyata sai ta cire mayafin ta tura ƙarƙashin matashi, shi kuma bai taɓa tona mata asiri ba, domin bai saba ba. Ranar da likita ya dawo ba sanarwa, ya same shi sharkaf da gumi, leɓɓansa sun bushe, yana kiran Mama da sunan mahaifiyarsa. Bai yi faɗa ba. Ya ɗaga gefen singiletin da yatsa biyu, ya dubi Nonna, ya fita ya kira Gwaggo a waya.

Washegari aka ɗauke shi. Ni da maƙwabcinmu muka sauko da shi a kan kujera. A bakin mota ya dube ni, ni kuwa na tsaya ina gyara masa hular da ba ta karkace ba. Nonna ta ƙi bin su, ta ce idan ta rufe gidan ta bi shi, ta amince ke nan ba zai dawo ba.

Yanzu ga halin da muke ciki. Nonna ta je wurin fada ta yi ikirarin zunubanta, ta nuna mini inda ta ajiye baƙar rigar da za a binne ta da ita. Kullum da tsakar rana tana shiga ɗakin, ta buɗe taga, ta murɗa lamba ɗaya, ta zauna ƙarƙashin fankar wuyanta a buɗe, carbinta a hannu, tana jiran abin da zai same ta. Ta ce idan iskar ta bar ta da rai har idin waliyyin gari, to ta tabbata ba ta kisa, in je in gaya wa likita a dawo mata da mijinta, ba za ta ƙara sa masa ko zare ɗaya na ulu ba. Kowace yamma tana taɓa wuyanta, ta ce mini yau ma ta tsira, in rubuta a kaina.

Jiya Gwaggo ta kira ni. Ta ce Nonno ya daina tambayar kowa, fuskarsa tana bango, kuma likitocin can sun ce jikinsa ba zai sake ɗaukar hanya ba. Mama ta sani, ta ce ita bakinta ba zai iya gaya wa Nonna ba. Ni kuwa duk manyan kalmomin da nake taƙama da su na auna, babu wadda ta yi daidai. Yaya, ki nemi hutu ki zo. Ke kaɗai Nonna take jin maganarki, kuma ke kaɗai za ki iya sa ta shiga mota zuwa Catania tun yana gane fuskarta. Kafin ki iso zan ci gaba da amsa mata cewa lallai ta tsira.

Ki gaishe da Ignazio, ki shafa mini kan Alfio da Melina. Mama tana gaishe ku, Don Saro ma ya ce a gaishe ki. Nonna ta ce ki riƙa rufe wa yara wuya.

Allah ya kawo ki lafiya, kuma da wuri.

Ƙaninki mai biyayya gwargwadon hali,
Gaspare