Irin Albasar da Kunka Aiko Kebbe Bai Fito Ba

Zuwa ga Mai Girma Shugaban babbar kasuwar intanet da nake saye a cikinta, tare da manyan ma'aikatan da ke ƙarƙashinsa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina yi maku barka da aiki, da fatan ku da iyalanku kuna cikin ƙoshin lafiya.

Ranka ya daɗe, sunana Nasiru. Ina da ɗan shagon cajin waya kusa da tasha a Tambuwal, amma asalina mutumin Kebbe ne. Ban ambaci sunan kamfaninku a nan ba, domin ban fito don in tozarta kowa ba. Lambar odata tana cikin na'urarku, kun san da ku nake. Na rubuto a bainar jama'a ne saboda duk ƙofar da kunka ce a ƙwanƙwasa na ƙwanƙwasa ta, ba a buɗe ba, kuma wallahi lokacin da ya rage mani kaɗan ne.

Maganar ta kawuna ce, Kawu Labbo, wan mahaifiyata. Shi ya rene ni tun ina ƙarami, da kuɗin albasarsa na yi karatu, da su kuma na buɗe wanga shago. Manomin rani ne a wata fadama wajen Kebbe, amma gonar ba tasa ba ce. Aro ce daga gidan Alhaji Mande, tun zamanin iyayensu. A wajenmu gonar aro tana hannunka ne muddin kana noma ta. Idan rani ya wuce ta zauna fayau, mai ita yana da ikon ba wani, kuma ba wanda zai ga laifinsa.

Kawu bai saba sayen iri ba, nasa yake ajewa duk shekara. Bara ne ciwo ya faɗa wa albasar da ya ware don iri, ta ruɓe gaba ɗaya, ya zama dole bana ya saya. Manoman wajenmu kuwa ba su sayen iri da ka. Sai a ɗebi ɗan kaɗan, a ƙulle a jiƙaƙƙen tsumma, a aje gindin randa, a jira. In ya tsiro a dawo a biya, in bai tsiro ba kowa ya kama gabansa. Ni ne na ga irin albasa a kasuwarku, cikin gwangwani rufaffe, hoto tas, farashi ƙasa da na kasuwa. Da na nuna wa Kawu a waya, abu ɗaya ya tambaye ni, ko an gwada shi a tsumma. Na nuna mashi taurari biyar da ke ƙarƙashin hoton, da alamar nan taku mai cewa kun tantance mai sayarwa. Na ce mashi kowane tauraro shaidar mutane ce da sunka saya sunka ga kyawonsa. Da ya ji kalmar shaida sai ya yarda, don shi a saninsa mutum ba ya ba da shaida kan abin da idonsa bai gani ba. Ya sayar da awakinsa biyu da buhun gero, ya damƙa mani naira dubu tamanin da biyar, na biya ku nan take.

Ga abin da ya biyo baya, zan jera maku shi yadda ya faru.

Na ɗaya. Kun rubuta cewa kaya za su iso cikin mako guda. Sun fi wata a hanya. Manhajarku ba ta san Kebbe ba, don haka na sa adireshin shagona na Tambuwal, a bakin titin da motocin Sakkwato ke bi kullum. Duk da haka kwalin ya wuce mu ya tafi Sakkwato, aka ce ba a gane wurin ba, ya koma inda ya fito, ya sake dawowa. Daga ƙarshe wani ma'aikacinku ya kira ni ya ce ba su kai kaya ƙauye, in ina so in zo in ɗauka. Tambuwal ce ƙauye, jama'a! Na rufe shago na hau mota zuwa Sakkwato. Na iske kwalin a wani sito mai rufin kwano, ba taga, zafi kamar gidan burodi, an ɗora mashi tayoyin babur. Abin da ya fi ci mani rai shi ne, tun ranar da kwalin ya fara shiga sitonku manhajarku ta rubuta wai an miƙa wa mai shi. Ni ban karɓa ba, ban sa hannu ba, ban ma san ya iso ba.

Na biyu. Wannan jinkirin shi ya hana Kawu gwajin tsumma. Lokacin da na kai mashi gwangwanin a kan babur, fangalin yafin maƙwabtansa duk sun yi kore, wasu har sun fara maganar dashe. Albasa da sanyi take tafiya, wanda ya makara a yafi ya makara a komai. Kawu ya juya gwangwanin a hannunsa, ya dubi gonar maƙwabci, ya dube ni. Tsawon rayuwarsa bai taɓa yafa irin da bai gwada ba, amma ranar ya yafa shi duka, saboda babu sauran kwanakin jira, kuma saboda ni na ce mashi akwai shaidu. Ya yi ban ruwa safe da maraice. Mako ya wuce, na biyu ya bi shi, shiru kamar an shuka dusa. Ɗan abin da ya leƙo bai cika tafin hannu ba, shi ma ya kwanta. Da na ɗauki gwangwanin ina dubawa, sai na ji takardar da ke ɗauke da ranar lalacewar iri ta ɗan yi tudu. Na sa farce na ɓamɓare. Akwai wata tsohuwa a ƙarƙashi, kuma ranar da ke jikinta ta wuce tun kafin bara. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, a wurin na zauna a kan kunyar gona.

Na uku. Na kai ƙara ta manhajarku, aka amsa mani cewa kwanakin mayar da kaya sun ƙare, kuma ba a karɓar abin da anka buɗe. Ranka ya daɗe, don Allah ka tsaya ka dubi wanga sharaɗi da idon basira. Kwanakin nan sun ƙare ne tun kwalin yana kwance a sitonku. Ko da ma ba haka ba, ta yaya mutum zai san iri matacce ne bai buɗe ba, bai shuka ba, bai jira ba? Takalmi ne da za a sa a ƙafa a ji ya matse? Wannan doka ta dace da riga da agogo. Kun ɗauke ta kun ɗora wa iri, wanda aibinsa ba ya bayyana sai bayan an rufe ƙofar ƙorafi. Duk mai son sayar da mataccen iri ya san da haka, shi ya sa ya zo kasuwarku bai je kasuwar Tambuwal ba, inda za a tare shi ranar kasuwa mai zuwa.

Na huɗu. Wajen masu sauraron koke kuwa na sha wuya. Farko na'ura ce ke amsawa, da Turanci, tana maimaita magana ɗaya. In Allah ya sa mutum ya ɗauka, yau wannan, gobe wancan, kowa sai na faro mashi labarin daga tushe. Sun ce in turo hoton kayan, na tura gwangwani da takardun nan biyu. Sun ce in turo bidiyon da ke nuna matsalar. To bidiyon me? Na tafi Kebbe na ɗauko masu bidiyon ƙasa jiƙaƙƙa, fangali bayan fangali, babu komai a kai. Aka amsa mani cewa bidiyon bai nuna kayan ba. Ai shi ne ƙarar tawa, ba a ga kayan ba! Daga nan sai aka ce kamfani kasuwa ce kawai, magana tsakanina da mai sayarwa take. Amma kuɗin Kawu asusunku sunka shiga, kun cire ladanku, alamar tantancewa taku ce, sito naku ne. Ko dillalin awaki a kasuwarmu, in ya ci lada, ba ya cewa bai san mai akuya ba.

Na biyar, kuma shi ne ya hana ni barci. Na rubuta gaskiyar abin da ya faru a ƙarƙashin hoton irin, na ba shi tauraro ɗaya don babu yadda za a ba da ƙasa da haka. Washegari mai sayarwar ya kira ni a lambata, wadda ku kaɗai na ba. Da murya mai laushi ya ce zai turo mani katin waya in na goge abin da na rubuta na mayar da shi taurari biyar, wai haka ake yi, kowa ma haka yake yi. A nan na gane yadda anka tara shaidun da na nuna wa Kawu. Na ƙi. Ba a jima ba rubutuna ya ɓace, shagonsa da ke kasuwarku ma ya ɓace. Na yi zaton kun kore shi, har na ce alhamdulillahi. Sai ga shi ya dawo da sabon suna, hoto ɗaya, gwangwani ɗaya, da alamarku ta tantancewa a goshinsa. Yanzu haka da nake wannan rubutu yana nan a buɗe, har da ragin farashi. Wani yaron a Sanyinna ko wani gari yana nan yana nuna wa tsohonsa taurari.

Ranka ya daɗe, bari in gaya maka inda muke yau. Lokacin yafi ya wuce, ko ka aiko da iri mafi kyau a duniya ba zai yi amfani bana ba. Hanya ɗaya ta rage, a sayi dashe wajen waɗanda nasu ya yi yawa, a mayar a gona tun sanyi bai juya ba. Masu dashen kuɗi hannu suke so, kuma kullum raguwa yake. Na sayar da janaretan shagona, abin da na samu bai kai rabin gonar ba. Alhaji Mande ya aiko, cikin mutunci, cewa akwai mai injin ban ruwa da ke neman wurin haya, kuma in wanga wata ya mutu gonar ba ta yi kore ba, ba shi da abin da zai ce wa 'ya'yansa. Ban ga laifinsa ba, ya ma yi haƙuri. Amma in gonar nan ta fita hannun Kawu ba za ta dawo ba, kuma dattijo mai furfura ba ya fara neman aro daga farko. Gida guda ne ke ci daga wannan fadama.

Kawu bai ɗora mani laifi ba. Da ya zage ni da na samu sauƙi. Ban iya gaya mashi maganar takarda ta biyu ba, na dai ce mashi kamfani yana bincike. Shi kuma ya ɗauka cewa tunda manya suna bincike, wataƙila irin na birni ne mai nauyin fitowa. Ya ce wa maƙwabtansa ɗansa ba zai kawo mashi mataccen abu ba. Suna kallonsa suna kawar da kai.

Saboda haka ina roƙonku, don girman Allah:

Ku mayar wa Kawu kuɗinsa yanzu, cikin kwanakin nan, ba bayan wani sabon bincike ba. Ba na neman kuɗin mota, ko na ranakun da na rufe shago, ko diyyar komai. Abin da zai sayi dashe kawai nake roƙo.

Ku sauke wannan mai sayarwa, da tsohon sunansa da sabo, kafin ya kashe wa wani rani. Ku binciki yadda lambata ta je hannunsa, da wanda ya goge rubutuna.

Ku daina rubuta an miƙa kaya alhali suna sitonku, kuma ku ware wa iri da maganin gona dokarsu daban. In ba za ku iya tsaya wa ingancinsu ba, ku bar sayar da su, mu koma ga tsummanmu.

In kuma duk wannan ya fi ƙarfinku, to ku ba ni amsa ɗaya tak, daga bakin mutum mai suna, cewa ba za ku biya ba. Ko wannan taimako ne, don in san abin da zan je in faɗa.

Ina yi maka addu'a, ranka ya daɗe, Allah ya ƙara wa kasuwarka albarka ta halal, ya tsare ka da cin haƙƙin wanda ba ka taɓa gani ba. Allah ya raya maka zuriya, kada ya nuna maka ranar da za ka kasa haɗa ido da wanda ya rene ka.

Jiya na je Kebbe. Na iske Kawu a fadama da bokiti, ya naɗe wando zuwa gwiwa, yana bin fangalin nan ɗaya bayan ɗaya yana ba su ruwa. Na karɓi bokitin na taya shi, don ban san yadda zan ce mashi ya bari ba. Ku taimake ni kafin watan nan ya mutu.

Wassalamu alaikum.

Naku cikin damuwa,
Nasiru mai cajin waya, Tambuwal.