Kwanon Maman Rifkatu

Daren Asabar, Unguwar Madaki

Bayana ciwo yake yi. Tun hantsi muke cika buhuna da yashi a bakin kwarin da ke ƙarshen layinmu, don ruwan bara saura kaɗan ya tafi da gida biyu. Ina riƙe da bakin buhu na ɗaga kai, ashe mai zuba min yashin Maman Rifkatu ce, maƙwabciyata. Rabona da hira da ita tun zaɓen da ya wuce, da mazajenmu suka yi cacar baki aka toshe 'yar ƙofar da ke tsakanin gidajenmu da bulo.

Ta ce, "Maman Sadiq, kin rame."

Na ce, "Ke ma haka. Ina kansilan naku da ya ce zai gyara kwarin nan?"

"Yana can inda ɗan majalisarku yake. Mu dai taliya muka gani."

Muka yi dariya har buhun ya kife. Ta ce mu riƙa tara matan layi duk Asabar kafin damina ta faɗi, jiran ya isa haka. Na ce to.

Wallahi na yi kewar matar nan. Na kasa gaya mata kwanonta yana ɗakina har yanzu, wanda ta aiko min da shinkafar Kirsimeti kafin rigimar. A al'ada ba a mayar da kwano babu komai a ciki, ni kuma kullum jira nake a buɗe ƙofar.

Gobe zan yi dambu. In taka turmi in miƙa mata ta kan katanga.