Kifin Tsohuwar Lome

Lome, 9 ga Afirilu, 1979

Zuwa ga Delu ƴar Tama, ruwan randa a tsakar bazara, inuwar gawo a ranar da kowane icce ya kakkaɓe ganyensa, jar albasar fadamarmu mai sa ni hawaye ina ƙara matsowa.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, don Allah ki karanta takardar nan kafin abokin tafiyata Gajere ya iso gida. Shi sai jibi zai taso, ni kuwa na ba direban da ke tashi yau, don kin san bakin Gajere ya fi kamyo, motar kayanmu, gudu.

Kin tuna ranar da muka loda albasa, kika tsare ni a bakin rijiyar lambu, kika sa na rantse ba zan ci abin da macen kurmi ta dafa ba? Ban yi dariya ba. Na san babanki ya tafi kurmi kina goye, har yau shiru, kuma innarki ta ce miyar wata mata ce ta riƙe shi. Na ga idonki ya cika, na rantse har sau uku.

Amma hasken idona, wa ya ce miki maza na girki a Lome? Garin ɗan dunƙule ne, daga babbar kasuwa mutum zai taka da ƙafa har iyakar Gana, kuma kowane taku akwai mace da tukunya. Sai na shiga yawo don in manta da cikina. Na je na ga teku, ruwa har ƙarshen ido, amma duk fankama ce, gishiri ne, ko kunya ɗaya ta albasa ba zai shayar ba. Na shiga gidan tarihi, na tarar da tulu irin wanda inna ta jefar bayan danga, an sa shi a gilashi har da mai gadi. A kasuwar bokaye busassun kawunan birai suka yi ta washe mini haƙora, kuma wallahi sun fi ni kumatu. A wurin manyan matan nan masu atamfa, masu shiga marsandi, na zaɓar miki turmi biyu ina jiri.

Kwana goma sha takwas, Delu, daga burodi sai shayin wani Bazabarme, har mazagin wandona ya zagaye ni sau biyu. Wane masoyi ne ya taɓa ramewa haka a garin da sakwara ke kiran mutum da sunansa?

Ran na sha tara na tsaya kallon masunta suna jan koma, sai iska ta kawo mini ƙamshin gasasshen kifi da barkono. Mai gashin tsohuwa ce, haƙorinta ɗaya, ta girmi kakata nesa ba kusa ba. Na ci. Na ƙara. Ina cikin lasar yatsa na ɗaga kai, sai ga Gajere tsaye yana murmushi. Zai ce miki budurwa ce, har ya ƙara mata kitso.

Na yi kwana uku ina jiran magani ya kama ni. Abin da ya kama ni biyu ne kawai: gudawar barkono, da kewarki wadda ta fi ta tsanani. Tsoro nake ji, ƙwayar zuciyata, kada ki ji labarin nan ki sa ni layi ɗaya da wanda ya tafi bai waiwayo ba. Ban san abin da ya riƙe babanki ba, amma yanzu na tabbata ba miya ba ce. Kaffarar rantsuwa kuwa, ai na yi azuminta tun kafin in karya ta.

Ina tafe kafin ruwan shuka, da atamfarki, da ƙunshin bandar kifi daga hannun tsohuwar nan. Za mu ci tare a gaban inna. In da magani a ciki, sai mu uku mu tattara mu tare a gidan tsohuwar a Lome. In babu, ki daina duban hanyar Madawa, inda matafiya ke ɓullowa, da wannan ido, don wanda kika raka bana ya dawo.

Naki har teku ya yi daɗin sha,
Isiyaku