Bitamin a Ganyen Wake

Gwarinpa, Abuja

Ƙanwata Rumasa'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Tunda kika zama Dakta kin daina ɗaga wayata, shi ya sa na aiko direba da takarda.

Na ji ki a rediyo kina cewa bitamin C na cikin ganye yana kare shuka daga gurɓatacciyar iska. Shekara da shekaru kina tsugune a gonakin Kwali kina leƙen ganyen wake kamar tsutsa, ashe abin da kika gano ke nan? Abin da ke jibge a kowane kyamis? To bari mai hankali ya nuna miki amfaninsa. Zan jiƙa ƙwayoyin a ruwa, in ɗura a kwalba, manoma su saya su fesa. Sunanki kawai nake so a jiki. Ko banza karatunki ya haifi wani abu.

Yayanki,
Lukmanu

Kwali

Yaya Lukmanu,

Wa'alaikumus salam. A gaida Anti da yara.

Rabin maganata ka ji, kamar yadda ka saba. Hayaƙin motoci da na janareto, har da naka mai hana maƙwabta barci, in rana ta dafa shi yakan zama wata iska da ake kira ozon. Ita ke shiga ƙananan ƙofofin ganye ta ƙona shi, ka ga ya yi ɗigo-ɗigo. Bitamin ɗin da shuka ke haɗawa da kanta a cikin ganye, shi ke tare ta a bakin ƙofa. Wani irin waken yana da shi da yawa, wani kaɗan, kuma ko mai yawan ba kullum yake tsira ba. Feshi kuwa na gwada, kafin a je ko'ina rana ta cinye shi.

Mutumin da fulawar roba ce a falonsa zai koya mini ganye? Kar ka taɓa sunana.

Ka huta lafiya,
Rumasa'u

Gwarinpa, Abuja

Rumasa'u,

Salam. Ba dogon zance. Na sa sunanki a kwalaben, ai sunan mahaifinmu ne, ba naki ke kaɗai ba.

Jiya wani Obadiah, wai shugaban manoman Kwali, ya zo ƙofar gidana da mutanensa, suka zazzage buhun ƙonannen ganye a gaban maƙwabta. Wai ganin sunanki ya sa suka bar irin da kika ba su shawara, suka shuka tsohon nasu suka dogara da feshi. Sai ihu yake: “Oga, ina Dakta? Shi ne ya ce mu saya?” Ko Hausar kirki bai iya ba.

Ki je ki ce musu su ne ba su iya fesawa ba. Ƙauyawa ne, za su yarda. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Lukmanu

Kwali

Yaya,

Salam. Na je tun kafin takardarka ta iso. Na ce musu ban san kwalbar ba, amma ni da mai ita uwa ɗaya uba ɗaya muke. Na ba Obadiah haƙuri. Gonarsa kawai ya nuna mini. Damina ta yi nisa, babu sake shuka bana.

Ranar Asabar za su dawo maka da kwalabenka, sun roƙi in raka su. Zan zo, amma a motarsu.

Wassalam,
Rumasa'u